Tuzuru Da Takardar Canjin Aiki: Wa Zai Tsaya Masa A Ikko?

A cikin watan Janairu na 2024 aka wayi gari da labarin cewa Babban Bankin Nijeriya zai kwashe waɗansu sassansa daga Abuja ya mai da su Ikko, ba a kuwa daɗe ba sai ga Hukumar Filayen Jiragen Sama ta Tarayya ita ma ta ba da sanarwar cewa hedkwatarta can za ta koma. Nan fa aka yi ta ka-ce-na-ce. Waɗansu manyan Arewa suka ce da walakin goro a miya, hukumomin kuwa suka ce babu siyasa a ciki, sha'anin aiki ne kawai. Duk wannan an ji shi a rediyo, an karanta a jaridu. Abin da ba a ji ba shi ne labarin ƙaramin ma'aikacin da ya tarar da takarda a kan teburinsa, an rubuta masa ranar da zai bayyana a sabon ofis, a garin da bai taɓa kwana ba.

Duk wanda ya yi aikin ofis ya san yadda a kan tsara sunaye in irin wannan ta taso. Mai iyali zai kawo uzurin makarantar yara, matar aure za ta kawo uzurin mijinta, sai a waiwaya a ga wanda bai yi aure ba tukuna, a ce masa, "Kai ai ba ka da nauyi, jakarka kawai za ka ɗauka." Ban da canjin wurin aiki, ga kuma sababbin ayyuka da ke jawo matasan Arewa masu ilmi zuwa bakin teku, kamar tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, da matatar man Ɗangote da ta fara aiki a 2024, da bankunan da yawancinsu hedkwatarsu tana Ikko tun fil azal.

To, amma maganar nan ta rashin nauyi rabinta ce gaskiya. Mai iyali in ya ƙaura da mutanensa ya ke ƙaura, in ya kwanta ciwo akwai mai miƙa masa ruwa. Tuzuru kuwa shi kaɗai ya ke sauka, kuma tambayar da Ikko za ta fara yi masa, tun bai kwance jaka ba, ita ce: wa ya san ka a garin nan?

GATAN DA NA FARKO SUKA SAMU

Tun asali ma'aikacin Arewa bai cika marmarin Ikko ba. Dattawa ba su manta da abin da ya faru a 1953 ba, sa'ad da wakilan Arewa suka ƙi goyon bayan ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956, taron jama'a ya bi su da ihu a titin Ikko. Sardauna ma kansa Kaduna ya zaɓa ya zauna, Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya tafi can. Amma da ya ke nan ce hedkwatar ƙasa har zuwa 12 ga Disamba 1991, ba makawa sai an je. Samari masu sabuwar takardar shaida suka riƙa hawa jirgin ƙasa a Kano ko Zariya ko Kaduna, su wuce Minna da Jebba da Ilori da Badun, su kwana su yini a hanya, sa'an nan su sauka a tashar Iddo da akwatin ƙarfe da buta. Daga 1973 aikin yi wa ƙasa hidima ya ƙara yawansu, tsarin mulki na 1979 kuma ya zo da sharaɗin a riƙa raba ayyukan Tarayya yadda kowane sashe na ƙasa zai samu rabonsa.

Waɗannan na farko suna da gata guda wanda na yanzu ba su da shi, watau gidan gwamnati. Ko da ya ke ba kowa ke samu ba, kuma layin dogo ne, akwai gidaje a Ikoyi da Satellite Town da benayen nan na 1004 a Victoria Island. Wanda matsayinsa bai kai ba ya kan laɓe a ɗakin baya na wani babban ma'aikaci ɗan garinsu, ya ci tuwon gidan har ya yi ƙarfi. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin mai da irin waɗannan haƙƙoƙi kuɗi a cikin albashi, aka daina ba da gida, aka shiga sayar da na ƙasa, har 1004 ɗin ma an sayar a 2007. Abin da dokar aikin gwamnati ta bar wa wanda aka yi wa canji shi ne kuɗin masauki na kwana 28 na farko, shi ma sau da yawa sai mutum ya gama shan wuyar sa'an nan ya fito.

YADDA FATAKE SUKA WARWARE TA

'Yan kasuwa sun riga 'yan boko zuwa Kurmi da shekaru masu yawa, kuma tun tuni suka samo maganin wannan matsala. Unguwar Sabo ta Badun an kafa ta a 1916. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinta daga 1962 zuwa 1963, ya rubuta littafi a kanta wanda ya fito a 1969, a ciki ya bayyana yadda sha'anin maigida ya ke tafiya. Mai shanu ya taso daga Arewa bai san kowa ba, sai ya sauka a hannun maigida. Maigida ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali. In an sayar wa mahauci Bayarabe shanu bashi, maigida ne ke lamuni, in mahaucin ya yi ɓatan dabo shi zai biya. Haka kuma a ke yi a cinikin goro. Baƙo bai ƙirga kuɗin ɗaki ya miƙa ba, la'adar ciniki ce ke biyan kome.

Abin bai tsaya a kan ciniki ba. In baƙo ya shiga hannun 'yan sanda akwai mai zuwa beli, in ya yi rashin lafiya akwai mai kai shi asibiti, in ta Allah ta kasance unguwa ce za ta yi masa sutura ta aika gida da labari. Da irin wannan tsari aka gina zangon Agege da Idi-Araba da Sabon Shagamu, kuma har gobe ɗan dako ko mai tura ruwa in ya sauka daga tirela a Mile 12 ba ya kwana biyu bai samu ɗan garinsu da zai nuna masa inda zai shimfiɗa tabarma ba.

Ɗan boko ne ya faɗa tsakani. Ba shi da shanun da maigida zai ci la'adarsu, ofishinsa yana nesa da zango, sa'an nan, in za a faɗi gaskiya, wani lokaci yana ganin ya fi ƙarfin zaman zango tun da ya ɗaura laktaye. Gwamnati ta sake shi, zango bai kama shi ba, ya zama ba tsuntsu ba tarko. Abin mamaki ne, amma mai gyaran takalmi da ya zo Ikko da naira kaɗan a aljihu ya fi injiniya mai digiri biyu samun mai tsaya masa a makon farko.

NEMAN ƊAKI

Wurin neman ɗaki ne wannan rashi ke fara bayyana. A Ikko ba kasafai mutum ke ganin mai gidan haya kai tsaye ba, sai ta hannun dillali, shi kuwa dillali tun kafin ya motsa ƙafa zai ce a ba shi kuɗin duba gida. A yini guda ya zaga da baƙo wurare uku ko huɗu, kuɗin mota daga aljihun baƙon, a nuna masa ɗakin da ba taga, da wanda ke bayan kwata, da gida mai ɗakuna jere suna kallon juna inda mutum ashirin ke bin layin banɗaki ɗaya da asuba. In an dace da wanda ya yi masa, sai lissafi. Bisa al'adar kasuwa dillali yana da kashi 10 cikin 100, lauyan da ya rubuta yarjejeniya shi ma kashi 10, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna. Watau in haya naira miliyan 1 ce a shekara, to, sai mutum ya tanadi fiye da miliyan 1 da dubu 200 kafin a miƙa masa mabuɗi, bai sayi ko katifa ba.

Akwai doka, kuma ya kamata mai karatu ya san ta. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara guda daga hannun sabon ɗan haya, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku, ta kuma ce mai biyan shekara-shekara sai an ba shi notis na wata shida kafin a tashe shi, in dai yarjejeniyarsu ba ta faɗi wani abu daban ba. Sai dai dokar ta ware Apapa da Ikoyi da Victoria Island da unguwar manyan ma'aikata ta Ikeja, ba ta hau kansu ba. Ko a inda ta hau ɗin ma, mai gidan da ya ga mutum goma suna jiran ɗaki ɗaya ba ya jin tsoron neman kuɗin shekara biyu, shi kuwa baƙon da kwanakinsa na otal suka ƙare ba ya da bakin kai ƙara.

Bayan kuɗi sai tambayoyi. Mai gidan zai dube shi sama da ƙasa ya ce, ɗan ina ne? Ina ya ke aiki? Yana da mata? Wa zai tsaya masa? Tambayar ƙarshen nan ita ke kayar da mutane da yawa. Ana son mutum mai adireshi a cikin gari, wanda za a iya bi in ɗan haya ya gudu da bashi. Sabon zuwa kuwa bai san kowa ba sai shugabansa na ofis, wanda jiya-jiya suka fara gaisawa. Akwai kuma masu gidan da in sun ji Bahaushe ne sai su yi tsammanin gobe zai cika ɗakin da 'yan'uwa goma. Ba duka ba ne, akwai ma waɗanda ke neman ɗan Arewa musamman don sun yarda da amanarsa, amma wanda ya gamu da na farkon ba ya mantawa.

Ga kuma dillalan ƙarya, waɗanda ke nuna wa mutum biyar ɗaki guda su karɓi kuɗin kowa su ɓace. Maganinsu shi ne kada a biya ko sisi sai an ga mai gida ido da ido, ko lauyansa a ofishinsa, an kuma karɓi rasit. Amma akwai wata dabara da ta fi wannan sauƙi, wadda 'yan boko da yawa ke wucewa ta gabanta ba su gani ba. Kusan kowane layi a Ikko akwai ɗan Arewa ko ɗan Nijar a bakinsa, ko mai gadi, ko mai tireda, ko mai shayi, ko mai tura ruwa. Mai ruwa ya san gidan da famfonsa ya shekara bai ɗiga ba, don shi ke kai musu jarka. Mai gadi ya san layin da ruwa ke ci har gwiwa a watan Yuni da Yuli, ya san mai gidan da ke faɗa da 'yan hayarsa, ya san ko dillalin nan na gaske ne. Sallama guda da gaisuwa cikin mutunci ta isa a samu labarin da dillali ba zai taɓa faɗa ba. Baƙo makahon gari ne, amma ga 'yan jagora a zaune a kan benci.

IN MACE CE

Duk abin da aka faɗa, na mace ya ninka. Sananne ne a Ikko cewa masu gidaje da dama ba su son ba mace marar aure haya, ko da albashinta ya fi na mai gidan. Su kan ce ta kawo mijinta, ko wanda zai aure ta, ko ubanta ya sa hannu, har ta kai waɗansu mata su kan ari zobe ko su roƙi abokin aiki ya raka su a matsayin miji. 'Yar Arewa kuwa tana da nata ƙarin. Kafin ta baro gida sai an sha fama da iyaye da kawunnai, in ta iso kuma ba ta iya zuwa zango ta kama ɗaki ita kaɗai, gama harshen Hausa kansa bai yi mata adalci ba: in aka ce mace tana zaman kanta, kowa ya san abin da a ke nufi, ba a kuwa tanadi wata kalma daban ba domin likita ko lauya ko ma'aikaciyar banki da aiki ya kai ta wani gari. Saboda haka za a ga mafi yawansu sun haɗu su biyu ko uku sun kama gida ɗaya, ko wa ko ƙane ya rako ta ya sa hannu a takarda ya koma, ko ta fara zama a gidan wata matar aure 'yar garinsu kafin ta san gari. Na ƙarshen nan ya fi kwantar wa iyaye hankali, ko da ya ke zaman gidan wani sai haƙuri, musamman ga wadda gosulo ke riƙewa har ƙarfe tara na dare.

HANYA, ABINCI DA DAMINA

Wanda ya gudu daga tsadar haya ya tafi bayan gari, hanya ce za ta karɓi abin da ya rage. Mai zama a Ikorodu ko Agege ko Ajah yana aiki a Marina, sau da yawa kafin a kira sallar asuba ya bar ɗaki, sai a tasha ko a harabar ofis zai yi salla. Gada ta Uku, wadda aka gama a 1990, tsawonta ya kusa kilomita 12, kuma ran da ta cushe sai mutum ya ga rana ta fito ta yi zafi yana kan ruwa. An samu sauƙi da manyan bas-bas masu hanyarsu daban tun 2008, da jirgin ƙasa na cikin gari daga Marina zuwa Mile 2 tun 2023, da na Agbado zuwa Oyingbo tun 2024. Acaba kuwa, wadda 'yan Arewa da yawa ke ci da ita, an hana ta a ƙananan hukumomi da dama a 2022. In mutum yana cin sa'a biyu zuwa, sa'a biyu dawowa, ya ba hanya sa'a 20 ke nan a mako, don haka ƙaramin ɗaki kusa da ofis ya kan fi falo da ɗaki biyu a nesa araha in an yi lissafi na gaskiya. Sabon zuwa kuma ya kiyayi motar da ta tsaya masa da duhu tana kiran mutum ɗaya ya rage, don akwai 'yan fashi masu shigar burtu da motar haya.

Abinci nasa daban ne. Saurayin da tun haihuwarsa bai taɓa ɗora tukunya ba, don gidansu aikin mata ne, ga shi yau da risho ko tukunyar gas yana kallonta tana kallonsa. Makon farko teba da amala da miyar da ta ji manja da barkono su kan murɗa masa ciki, sai ya koma wa mai shayi, ya rayu a kan taliya da ƙwai da burodin Agege har jikinsa ya nuna. Tuwon shinkafa da miyar kuka sai ran Asabar, in ya samu ƙarfin zuwa Agege ko Obalende. Damina kuma ta zo da nata: takalmin fata ya yi fumfuna a cikin akwati, shaddar da aka wanke ta kwana uku ba ta bushe ba, sauro ya yi masa maraba da zazzaɓi.

BABU NALAKO A IKKO

A nan ne babbar maganar ta ke. A birnin Kano in azumi ya raba, Nalako da jama'arsa su kan fita kamun gwauro, a yi wa marar mata tsiya, gari ya yi dariya. Abin kunya ne ga wanda aka kama, amma a ƙarƙashin wasan akwai wata gaskiya, watau gari ya san da shi, an san ɗakinsa, an san ba shi da mai dafa masa sahur. A gida tuzuru ba ya sakewa da gorin gwaggo da zolayar abokan wasa, amma in bai fito sallar asuba kwana biyu ba sai an ƙwanƙwasa masa ƙofa.

A Ikko babu mai yi masa gori. Ba mai tambayarsa yaushe zai yi aure, ba mai lura da ƙarfe nawa ya dawo ko da wa ya dawo. Watannin farko wannan ya kan yi daɗi ƙwarai, mutum ya ji kamar an sauke masa kaya. Amma rashin mai gorin shi ne kuma rashin mai ƙwanƙwasa ƙofa. Zazzaɓi ya kama shi daren Juma'a, ofis ba za su neme shi ba sai Litinin, maƙwabcinsa bai san ko sunansa ba, mahaifiyarsa kuwa da ya rubuta a fom ɗin ofis a matsayin wadda za a nema in wani abu ya faru tana can Gumel ko Mubi, fiye da kilomita 1,000. In ma an kai shi asibiti, tambaya ta farko ita ce wa ya kawo shi, wa zai sa hannu. Iyaye a gida su kan ji wa ɗansu tsoron giya da matan banza da abokan banza, kuma ba a ce babu su ba. Sai dai yawancin waɗanda suka faɗa wannan rami ba don suna so ba ne, kaɗaici ne ya tura su, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wayar hannu tana rage kewa, amma ba ta kai mutum asibiti.

Saboda haka aikin farko na sabon zuwa, kafin labule da talabijin, shi ne ya sa a san da shi. Ya je ya gai da Sarkin Hausawan yankin da ya sauka, ko da sau ɗaya ne, ba a ce ya koma zango da zama ba. Ya nemi ƙungiyar 'yan jiharsu ko ta tsofaffin ɗaliban makarantarsu, ya biya ɗan kuɗin wata ko da taron nasu yana gundurarsa. Ya riƙe masallaci guda inda za a san fuskarsa a sahu. In Kirista ne daga kudancin Kaduna ko Filato ko Adamawa, majami'un ECWA da COCIN da EYN suna da rassa a Ikko, can zai ji harshen gida. Ya kuma ba mutum ɗaya a cikin gari lambar wayar gidansu, gida ma ya ba su lambar mutumin.

Kada kuma ya tsaya a kan 'yan Arewa kaɗai, wannan kuskure ne da a ke yawan yi. Yarabawa mutane ne masu son gaisuwa da girmama na gaba kamar Hausawa, ko ma fiye. Saurayin da ya koyi cewa "e kaaro" da safe, ya ɗan rusuna wa tsohuwar gidan ya kira ta Mama, ya sayi kariyar da kuɗi ba su saye. Za a kira shi Aboki ko Mala, wani da raini, wani ba da nufin kome ba, ba kowanne ne abin faɗa ba. Musulmi kuwa suna da yawa a cikinsu, da tsofaffin ƙungiyoyi irin su Ansar-ud-Deen da aka kafa a 1923, da NASFAT wadda ma'aikata 'yan boko irinsa suka kafa a 1995. Wanda ya ƙi bin limami don Bayarabe ne kansa ya cuta. Amfanin maƙwabci ya kan fito ran da gari ya rikice. An ga haka a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da kasuwar Shasha ta Badun a 2021. A irin wannan rana katin shaidar ofis ba ya hana kome, wanda zai ce masa kada ya bi ta hanya kaza, ko ya ja shi cikin ɗakinsa ya rufe ƙofa, shi ne wanda ya saba gaisawa da shi.

GIDA NA JIRA

Can gida kuwa an riga an yanke hukunci cewa wanda ke aiki a Ikko ya yi kuɗi, balle ma ba shi da iyali. Kuɗin makarantar ƙanne, maganin baba, gudummawar bikin 'yar kawu, duk kansa za su biyo, ba wanda ya san rabin albashin yana tafiya a haya da mota. Wanda bai faɗi gaskiyar samunsa tun watan farko ba, ya yi ta ƙoƙarin fita kunya, shi ne za a tarar ya shekara uku bai tara ko kuɗin lefe ba. Maganar auren ma ba ta da sauƙi. Iyaye su kan ce a ɗaura kafin ya tafi don ya natsu, amma kawo amarya ɗaki ɗaya a garin da ba ta jin harshensu, mijin ya fita da duhu ya dawo da duhu, kaɗaicin ne aka raba biyu ba a kashe shi ba. Barinta a gida kuma ya zama riƙon gida biyu da albashi ɗaya. Kowa da yadda ya ke warware tasa, amma wanda ya jira ya san gari tukuna bai yi wauta ba.

Kusan kowa in ya zo ya kan ce shekara biyu zai yi ya nemi a mai da shi gida. A Agege da Obalende akwai dattawa masu jikoki waɗanda da wannan niyya suka sauka a Iddo.

Salla ta farko ita ce gwaji. Hutun kwana biyu ne, hanyar mota yini da kwana ce, kuɗin jirgin sama kuwa ya kan yi tashin gwauron zabo, sabon ma'aikaci kuma bai isa neman ƙarin hutu ba. Don haka da yawa a nan su ke yin ta. A filin Idi na Obalende, ana sallamewa masu iyali su kama hannun 'ya'yansu su nufi mota, sai a ga samari tsaye ɗai-ɗai da sabuwar shadda, kowa ya kafa kai a waya yana yi wa gida barka da salla. Ba a kan rasa wani dattijo da ya san irin wannan tsayuwa ba, don shi ma ya taɓa yin ta. Zai matso ya miƙa hannu ya ce, "Samari, daga wane gari?" In an faɗa masa, ya tambayi unguwa, ya tambayi ɗan gidan wa, sa'an nan ya ce, "To, ai sai ka zo mu je gida, an yi tuwo." Waɗansu kunya ta kan sa su ce, "Na gode Baba, ana jirana," alhali ba mai jiransu sai ɗaki. Waɗansu kuwa su kan bi shi.